Giyar tsohuwar Camry ta fara zamewa: a gyara ko a rabu da motar?

Malam, na karanta tambayarka, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda masu karatu. Ka ce kana zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi, kana da Toyota Camry ƙirar 2004, ƴar Amurka, mai inji 2.4 da giyar otomatik, kuma allonta ya nuna 205,000. Da safe idan ka sa ta a D takan yi daƙiƙa uku ko huɗu kafin ta kama, sannan idan ta yi zafi sai injin ya riƙa ihu tsakanin giya ta biyu da ta uku alhali motar ba ta ƙara gudu. Makaniki ɗaya ya ce a sauke buwat ɗin, wato akwatin giya, a sa ƴar Kwatano, wato wadda aka yi amfani da ita aka shigo da ita daga waje, a kan jikka 350 (jikka ɗaya sefa dubu ce), wani ya ce a buɗe ta a gyara, na uku kuma ya ce a mayar da motar mai giyar hannu a huta. Dillali ya taya ta jikka 900 a yadda take, kai kuma ka ga ana sayar da lafiyayyun irinta wajen miliyan ɗaya da jikka 600.

Abin da na fara lura da shi shi ne, cikin mutum ukun nan babu wanda ka ce ya zaro sandar awon mai ya shinshina, ko ya sauke kwanon da ke ƙarƙashin buwat ɗin, ko ya jona wa motar na'urar bincike. Kowannensu ya yanke hukunci ne da kunne. Na shekara fiye da ashirin ina wannan sana'a, kuma har yau ba na yarda in faɗi kuɗin gyaran giyar otomatik kafin in yi waɗannan abubuwa uku, domin alamar da bawul mai kuɗin jikka kaɗan yake bayarwa idan ya maƙale tana iya yin kama da alamar buwat ɗin da ta riga ta ƙone.

Kafin mu shiga ciki, ka gyara lissafin tafiyar motar. Allon motar Amurka da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, saboda haka Camry ɗinka ta yi kusan kilomita 330,000, idan ma ba a taɓa mayar da lambar baya ba kafin ta iso hannunka. Buwat ɗin da ta kai wannan tafiya ba ta ci amanar kowa ba.

Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki. Akwai famfo a cikinta wanda injin ke juyawa, shi ke tura mai ta wasu siraran hanyoyi, man kuma ya matse jerin faifan kuloci domin giyar da ake so ta kama. Kwamfutar motar ce ke buɗe hanyoyin da rufe su ta wasu ƙananan bawul masu aiki da lantarki, waɗanda ake kira solenoyid. Idan mai ya yi ƙasa, ko matatarsa ta toshe, ko robobin da ke riƙe matsin sun tsufa sun bushe, faifan ba za su matsu sosai ba, sai su riƙa zamewa a kan juna, zamewar ta haifi zafi, zafin ya ƙona man, ƙonannen man kuma ya ƙara cinye faifan. Jinkirin da kake gani da safe yakan nuna ƙarancin mai, ko toshewar matata, ko bushewar robobi. Zamewar da ke zuwa bayan mota ta yi zafi ta fi tayar mini da hankali, domin mai yana tsinkewa idan ya yi zafi, kuma a lokacin ne buwat ɗin da ta gaji take kasa riƙe matsi. Haɗuwar alamun biyu a mota mai irin wannan tafiya ya sa na fi karkata ga cewa cin ya kai ciki. Amma zato ne, kuma ba a kashe jikka ɗaruruwa a kan zato.

Gwajin farko kai da kanka za ka iya yin sa. Ka tuƙa motar zuwa Tibiri ka dawo domin ta yi zafin aiki, ka tsaya a wuri mai daidai, ka bar injin yana aiki, ka taka birki ka bi da sandar giya ta kowane matsayi sannan ka mayar da ita P. Ka zaro sandar awon man giya, ka goge ta, ka mayar, ka sake zarowa, man ya kamata ya tsaya tsakanin zane biyu na wajen da aka rubuta HOT. Daga nan ka ɗiga shi a kan farar takarda. Lafiyayyen mai ja ne garau, ana hango takardar ta cikinsa. Wanda ya tsufa yakan koma ruwan ƙasa amma babu wari. Wanda ya yi baƙi, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama a gindin tukunya, wannan faifan kuloci ne suka narke a cikinsa. Akwai kuma na huɗu, wanda ya yi kauri ya koma kamar an dama madara da zoɓo, shi kuma yana nufin ruwa ya shiga. Wannan hanyar awo ta Toyota ce. Honda sai an kashe injin ake aunawa, motoci da dama na baya-bayan nan kuma ba su da sandar awon ma sam.

Na biyu, a jona na'urar bincike. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da mahaɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma akwai masu wannan na'ura a garin nan. Kada ka yarda a goge lambobin kafin ka rubuta su a takarda, domin wasu suna gogewa su nuna maka fitilar ta mutu su karɓi kuɗi. Lambobin da suka fara daga P0750 zuwa wajen P0770 suna nuni ga solenoyid da wayoyinsu, P0715 da P0720 na na'urorin auna saurin juyawa ne, P0741 kuma na kulocin da ke cikin konbata ne, wato ƙwaryar ƙarfen nan mai cike da mai da ke tsakanin inji da buwat. Lamba tana nuna wurin da za a duba ne kawai. Idan ta ambaci solenoyid, yana iya zama shi ne ya mutu, yana iya zama ɓera ne ya ci waya, yana kuma iya zama dattin ƙonannen kuloci ne ya toshe shi.

Na taɓa karɓar wata RAV4 ƙirar 2002 wadda mai ita ya riga ya sauya mata buwat har sau biyu a wani gareji, kowace ta yi ƴan watanni ta fara dukan giya kamar ana buga ta da guduma. Ciwon a kwamfutar motar yake. Sananniyar matsala ce ga RAV4 ta 2001 zuwa 2003: kwamfutar tana ba da umarnin da ba daidai ba har ta kashe buwat mai lafiya. Kuɗin da mutumin ya zuba a buwat biyu ya ninka na kwamfutar sau da yawa.

Na uku, wanda shi ne alƙali, a sauke kwanon ƙasa. Aikin bai wuce awa ɗaya ba. A cikin kwanon akwai ƙananan maganaɗisu da kamfani ya liƙa domin su kama garin ƙarfe. Idan ka shafa yatsa ka ji laushi kamar kwalli, toka-toka kuma ba yawa, wannan cin yau da kullum ne. Idan ka ga baƙin dusa ya kwanta a gindin kwanon kamar ganyen shayi a ƙasan buta, faifan kuloci sun tafi. Idan kuma akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ke sukar yatsa, ko ruwan zinariya na tagulla, to haƙoran giya ko wani boris ya fara karyewa, kuma babu man da zai warkar da wannan. Ka tsaya a wurin ka gani da idonka, kada a ba ka labari.

Idan aka yi sa'a man ya yi ƙasa ne kawai ko ya tsufa ba tare da ƙauri ba, kwanon kuma yana da tsabta, to a toshe inda yake yoyo, a sauya matata da gasket ɗin kwanon, a zuba sabon mai, a sauya solenoyid idan awo ya tabbatar ya mutu. A nan babu wata shawara da za a tsaya yi, gyara za ka yi. Sai dai ka kula da irin man. Buwat ɗin wannan mota sunanta U241E, mai giya huɗu, kuma man da Toyota ta rubuta mata shi ne T-IV, yawanci ma a rubuce yake a jikin sandar awon. Ba kowane jan mai ne man kowace giya ba, kuma jabun mai a cikin galan mai kyan gani ya yi yawa a kasuwa, saboda haka ka saya a wurin wanda ka san zai karɓi ƙorafi. Juye ɗaya yana fitar da lita uku zuwa huɗu ne daga cikin kusan takwas, sauran yana maƙale a konbata, shi ya sa nake maimaita juyen bayan an yi tafiyar ƴan ɗaruruwan kilomita. Idan kuwa man ya riga ya ƙone, ka sani cewa sabon mai yana iya ƙara fito da zamewar fili, domin dusar da ke yawo a tsohon man ita ce ke ɗan taimaka wa faifan su kama. Daga nan ne maganar nan ta samo asali cewa juyen mai yana kashe giyar otomatik, alhali ta riga ta mutu kafin a juye.

Yanzu mu ƙaddara abin da na fi zato ne ya tabbata, wato cin ya kai ciki. A nan ne tambayarka ta gaskiya take, kuma amsarta tana jikin sauran motar fiye da jikin buwat ɗin. Kafin ka sayi komai, a binciki injin. Injin 2.4 na wannan Camry, mai suna 2AZ-FE, yana da rauni sananne a shekarun 2002 zuwa 2006: gangar injin ta alminiyom ce, kuma haƙoran ramukan da kusoshin kan inji ke shiga, musamman na baya, sukan zame idan injin ya taɓa yin zafi fiye da kima. Alamarsa ita ce ruwa yana raguwa ba a ganin inda yake zuba, ko a ga danshi a bayan injin ƙarƙashin bututun shaƙar iska. A auna matsin kowace silinda, a duba ko tana shan man inji tsakanin juye da juye, a dubi hayaƙi da safe. Sannan a ɗaga motar a duba shasi, domin motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara sukan zo da tsatsar gishirin da ake watsawa a hanya, kuma fenti yana ɓoye ta. A ƙarshe ka dubi takardunka, kart giriz, wato takardar rajistar mota, da shaidar duwan, wato ta kwastan, ko suna nan daidai da lambar shasi. Idan inji yana shan ruwa da mai, ƙafafu suna neman gyara, shasi kuma ya ruɓe, kada ka sa mata ko dala ɗaya, domin za ka gama da giya ne inji ya kira ka.

Idan kuwa waɗannan duka lafiya suke, lissafin ya koma gefen gyara, kuma ga yadda nake yin sa. Mutane sukan auna kuɗin gyara da kuɗin da motar za ta yi a kasuwa, su ce ai gyaran ya kai kashi ɗaya cikin uku na darajarta, gara a sayar. Awon da ya dace shi ne a kwatanta kuɗin gyaran da abin da za a kashe kafin a samu wata motar da za a amince da ita. Jikka 350 da aka faɗa maka kuɗin buwat ne tsurarta. Idan ka haɗa ladan aiki, da mai wajen lita takwas, da matata, da sil, da ɗauko kaya, da abin da zan faɗa game da radiyata, ka tanadi kamar jikka 500. Idan ka sayar wa dillali a jikka 900 ka ɗora wannan 500, kana da miliyan ɗaya da jikka 400, wanda bisa farashin da kai da kanka ka kawo bai kai kuɗin lafiyayyar irin taka ba. Abin da za ka samu da shi wata tsohuwar ce mai shekaru irin nata, wadda ba ka san abin da ke cikin kwanon giyarta ba, kuma wataƙila mai ita ya kawo ta kasuwa ne saboda irin dalilinka. Ga shi tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome, abin da ya sa maye gurbin mota ya ƙara wuya. Taka kuwa ka san injinta, ka san takardunta.

Cikin shawarwari ukun da aka ba ka, wadda na fi ƙi ita ce ta mayar da motar mai giyar hannu. Aikin yana buƙatar feda, da faifan bayan inji, da kuloci cikakke, da famfonsa, da igiyoyin giya, da sandunan da ke juya ƙafafu, da kwamfuta da wayoyin da suka dace, Camry mai giyar hannu kuma ba ta da yawa, don haka kayan sai an yi ta haɗe-haɗe. Yawancin waɗanda na gani sun ƙare da fitila a kunne har abada da mota mai wuyar sayarwa. Da Peugeot 406 ce mai buwat AL4, wadda ta saba maƙalewa a giya ta uku, kuma kayan giyar hannunta suna ko'ina, da na saurari maganar.

Buɗe buwat a gyara shi ne aikin da ya fi inganci idan an yi shi yadda ya kamata, domin za a sa sababbin faifai da robobi gaba ɗaya. Sharaɗinsa yana da nauyi: ɗaki mai rufi wanda ƙura ba ta shiga, cikakken saitin kayan gyara na kirki, ma'aunin tazarar faifai, da mutumin da wannan ne aikinsa kullum. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul, kai kuwa ka san yadda iskar hunturu take a Maraɗi. Wanda zai baje maka cikin buwat a kan kwali a ƙarƙashin bedi, ya sauya faifan da suka fi ƙonewa ya mayar da tsofaffin robobi, kuɗinka zai ci. Idan ka samu gwani na gaske, ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu da ya yi wa irin aikin shekara guda da ta wuce, ka ji daga bakinsu.

Saboda haka, ga mai irin motarka a garin nan, na fi ba da shawarar ƴar Kwatano, ko a same ta a nan ko a ɗauko ta daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, amma da sharuɗɗa. Ka tabbata U241E ce ta injin 2.4, domin Camry ta 2005 da 2006 jikinsu kusan ɗaya ne da taka amma buwat ɗinsu U250E ce mai giya biyar, kuma kwamfutarka ba za ta iya da ita ba. A kwatanta soket ɗin wayoyi da na tsohuwar kafin a biya. Ka sa a buɗe kwanonta a gabanka, ka duba maganaɗisun kamar yadda na bayyana. Idan ka ga sabon gam ya tsattsafo a mahaɗin gangar, ko kawunan kusoshi sun sha sifana, to an taɓa buɗe ta, wataƙila ma ta gida ce aka wanke da fetur aka fesa mata fenti. Ta zo da konbatarta, kada a mayar da tsohuwar, domin cike take da dattin da ya kashe ta farko. Wa'adin gwaji kuma a rubuta shi a takarda gaban shaida, tare da lambar da ke jikin buwat ɗin, kuma ya fara ƙirguwa daga ranar da aka ɗaura ta, domin idan daga ranar saye ne kwanakin za su ƙare a hanya. Ranar da aka gama, ka yi doguwar tafiya da rana tsaka, ko zuwa Gidan Rumji ne, domin a cikin gari da sanyin safiya kowace buwat lafiyayya ce.

Saura abin da ake yawan mantawa, wato dalilin mutuwar ta farko. Man giya yana son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 90, kuma idan ya riƙa haura 120 yana lalacewa da sauri. A cikin radiyatar motarka akwai wani ƙaramin bututu da man giya ke ratsawa domin ya huce. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, radiyatar da ta toshe da ƙura ko fankar da ba ta tashi a kan lokaci suna dafa man giya tun kafin allura ta nuna wani abu. Masu zuba ruwan rijiya a radiyata kuma suna jawo tsatsar da ke huda wannan bututu, ruwa ya gauraya da mai, ruwa kuwa yana ɓamɓare fatar faifan kuloci daga ƙarfensu. Dole ne a wanke bututun da tiyoyinsa har sai mai ya fito da tsabta kafin a jona sabuwar buwat, idan kuma radiyatar ta tsufa a sauya ta. Ga mai yawan shiga ƙauyuka ta hanyoyin yashi, ƙarin ƙaramar radiyatar mai a gaba kuɗi ne da ba ya ɓata. Idan motar ta kafe a rairayi, kada ka yi ta watsa ta tsakanin D da R kana taka totur, minti kaɗan na haka ya isa ya ƙona kuloci. A haƙa, a sa itace, a tura. Bayan gyara kuma ka riƙa juye man duk kilomita 40,000 ko kusa da haka, saboda zafinmu da ƙurarmu.

Idan bincike ya nuna inji ma ya gaji har ka yanke shawarar sayarwa, ka faɗa wa mai saye aibin, kamar yadda addini ya wajabta a ciniki, kada ka bari dillali ya zuba mata mai mai kauri domin ta ɓoye zamewar na kwana biyu. Makaniki ko mai sayar da kayan gyara yakan biya irin wannan mota fiye da tayin da aka yi maka, tunda shi gyaran zai zo masa da sauƙi.

Kafin nan, ka rage hawanta, musamman da rana, domin kowace zamewa tana ƙara ɓarna, kuma buwat ɗin da yau matata da mai za su cece ta tana iya wuce nan cikin mako biyu. Idan ta tsaya maka a hanya kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa ƙafafun gaba suna ƙasa, saboda famfon mai ba ya juyawa idan inji a kashe yake, kuma ba a tayar da motar otomatik da turi. Ka aiko mini da lambobin da na'urar ta nuna, da hoton takardar da ka ɗiga man a kai, da na cikin kwanon kafin a wanke shi, in Allah ya so zan faɗa maka ko a ɗauko wata buwat ɗin ko a tsaya a kan matata da mai.